Ƙullin Bahago

Duk wanda na gaya wa ina kamun kifi a Riyadh sai ya yi dariya, wai a ina na ga ruwa. Akwai ruwa. In ka bar unguwarmu ta Shifa ka yi kudu wajen Ha'ir, akwai rafin da ke kwashe ruwan gari bayan an tace shi, ga ciyayi, ga inuwa, ga tarwaɗa da karfasa masu ƙiba. Matata Zaituna ta rantse ba za su shiga tukunyarta ba, don haka in na kama sai in mayar. Gaskiya kuma ba kasafai nake samun abin mayarwar ba.

Sunana Kamil, mutumin Gusau, nas ne ni a ɗakin tiyata. A danginmu kaf babu masunci. Wani abokin aikina ɗan Filifin ne ya ja ni rafin sau biyu, abin ya shiga raina. Da zan sayi kayana ya ce in nemi makina mai sauƙi, irin wadda ke rataye ƙarƙashin sanda. Makina, haka masu shago a nan ke kiran ƙarfen da ke naɗe zaren. Ni kuwa da na shiga shagon a Murabba sai idona ya faɗa kan ɗaya irin, wadda ke zama a saman sanda, ƙarama, baƙa, tana sheƙi. Mai shago ya kalle ni sama da ƙasa ya ce wannan ta ƙwararru ce. Da bai faɗi haka ba wataƙila da na bar ta.

Ya tambaye ni hannun juyawarta, “Yamin walla yasar?”, wato dama ko hagu. Na ce dama mana, har da ɗan jin haushin tambayar.

Ga yadda take. In ka wurga, kwarkwaron da zaren ke kai da kansa yake juyawa, kai kuma babban yatsanka yana bisa, yana lallaɓarsa, ya tsayar da shi daidai lokacin da darmar da ke bakin zaren za ta taɓa ruwa. Ka makara da ƙiftawar ido, kwarkwaro ya ci gaba da gudu, zare ya cukurkuɗe ya tashi kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Tana da ɗan noti a gefe da ake ɗaurewa gwargwadon nauyin abin da za ka wurga, tana da birki mai lamba daga ɗaya zuwa goma. Ni a takwas na ajiye nawa, kusan a kulle ke nan, amma duk da haka wata shida ban taɓa dawowa gida da zarena lafiya ba.

Sandar doguwa ce, ba ta rabuwa biyu, ga ƙarni, don haka ba ta kwana a ɗaki. A benenmu kowane mai haya yana da ɗan ma'aji a can ƙarshen matakala, kusa da ƙofar rufi. Can nake jingine ta. Makulli biyu ne, ɗaya nawa, ɗaya a wajen haris, wato mai gadin gidan, Malam Buraima.

Buraima mutumin Madarunfa ne ta ƙasar Maradi, dogo, siriri, ba ya son yawan magana. Shi ke share matakala, ya wanke motoci, ya duba tankunan ruwa. Likita yake ce mini, ko da yake na sha gaya masa ni ba likita ba ne. Wata rana yana taya ni sauke kaya daga mota ya ce ubansa masunci ne a tabkin garinsu, shi ma ya ja taru yana saurayi. Ya riƙe sandar ya ɗan girgiza ta, ya ce, “Wagga ba ta da nauyi ko kaɗan.” Na karɓe abata, don ni mutum ne da ba na son a taɓa mini kaya, kuma kowa a gidana ya san haka.

Wata Juma'a da safe na hau in ɗauko ta. Na san yadda na bar ta: zare ya cukurkuɗe har na yi niyyar yanke shi duka da reza. Sai na tarar da shi a kwance sumul a kan kwarkwaro, layi bisa layi, ko taku ɗaya ba a yanke ba. Na tsaya ina kallo. Na ce ko ni ne na warware na manta, don aikin tiyata yana sa mutum ya manta ko ya ci abinci. Na tafi rafi, na sake dagula shi kamar kullum, na dawo na jingine.

Juma'a ta gaba, haka. Wannan karon na duba da kyau. Birki ya sauko daga takwas zuwa uku. Notin gefe an sassauta shi. Na juya hannun, sai na ji makinar ta yi laushi, ƙarar nan da take yi ta ɓace, na sansana na ji man keken ɗinki. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba don an lalata ta ba, don kuwa gyara ta aka yi. Abin da ya ƙona ni shi ne lamba ukun nan. Wani yana wurga makinata a uku, ni mai ita ina fama a takwas.

Daga nan na zama ɗan sanda. Na ɗiga jan alƙalami a kan zaren, na ɗora tsinken ashana a kan murfin akwatin ƙugiyoyi, na ɗauki hoton yadda sandar ta jingina. Laraba da na dawo daga aiki na hau: ɗigon ja ya shige can ciki, tsinke yana ƙasa. Ƙugiyoyi da kifayen roba duk suna nan, ba abin da ya ɓace. Amma a bakin zaren an ɗaure mini ƙugiya da ƙullin da ba nawa ba.

A nan ne sana'ata ta yi mini rana, ko in ce ta kai ni ta baro. Shekara goma sha ɗaya ina tsaye ina kallon hannun likitoci suna ƙulla zare a cikin mutane. Huɗu daga ciki na yi su da wani Bamisire bahago, kuma na san yadda ƙullinsa ke kwanciya, murɗinsa yana bin ɗaya gefen. Na ɗora ƙugiyar a tafin hannuna, na haska da waya. Murɗi shida, tsaf, an jiƙa zaren kafin a ja, an datse wutsiyar daidai. Kuma duk sun bi hagu.

To amma wane ne bahago a cikinmu? Kowa da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake miƙa maka abu. Bahagonmu tun yana ƙarami ake dukan hannun har ya koyi ɓoye shi. Sai ka zauna da mutum shekaru ba ka sani ba. Na san dai abu guda: in aka shammaci mutum, hannun gaskiya ne ke fita.

Kwana uku ina bin Buraima da ido. Tsintsiya da hannu biyu yake riƙewa, wannan bai gaya mini komai ba. Carbi a dama. Waya wani lokaci nan, wani lokaci can. Ranar Lahadi da yamma na tarar da shi yana wanke motar maƙwabcina, na yi sallama, kafin ya gama amsawa na ce, “Malam Buraima, kama,” na cilla masa makullin motata. Ya cafe da hagu.

Yanzu zan iya faɗa cewa tiyon ruwa na hannunsa na dama. A lokacin ma na gani. Ban dai so in gani ba ne.

Na ce, “Malam Buraima, wa ke taɓa mini sandar kifi?”

Ya rufe famfo, ya goge hannu a rigarsa. “Likita, ni ban taɓa ta ba.”

“Makullin ma'ajin nan biyu ne.”

“Haka ne.”

“Ɗaya nawa, ɗaya naka. Ni ban iya warware zaren nan ba, kowa ya sani. Kai ɗan masunci ne.”

“Taru muka ja, Likita. Wagga na'ura mi na sani gare ta?”

“To wane ne?”

Ya kalli ƙasa, ya kalli bakin titi. “Wanga batu ka bar shi. Tunda ba abin da ya ɓace, ka bar shi.”

“Ashe ka san wanda ke yi.”

“Ni dai na ce maka ban taɓa ba.”

Da ya ce bai san komai ba, wataƙila da na yi shakka. Amma mutumin da ya ce ka bar magana ya san maganar. Na hau sama zuciyata na tafasa. Na riga na gama tsara labarin a kaina: ina fita aiki yake ɗauka, ya bi wani direba zuwa rafi, ya kamo tarwaɗa ya kai wa 'yan uwansa, ya dawo ya jingine mini ita kamar ba a yi ba. Har na fara jin ƙarnin kifi a jikinsa, mutumin da ke wuni cikin omo.

Muna da zauren waya na masu haya, mu goma sha biyu da wakilin mai gida, wani Abu Nayif. Ina tsaye a matakala na rubuta, da Larabci da Turanci don kada wani ya ce bai gane ba: haris yana buɗe ma'ajin mutane in ba su nan yana amfani da kayansu, ina da hujja, kowa ya duba nasa. Na tura.

Kafin magariba saƙonni sun fi ashirin. Wani injiniya ya tuna tukunyar gas ɗinsa da ta ɓace bara. Wata ta ce dama famfon keken ɗanta ya ɓace. Wani da bai fi wata biyu da tarewa ba ya ce shi tun farko bai yarda da fuskar mutumin ba. Sai ga Abu Nayif da saƙon murya, gajere: “Halas, an gama. Ƙarshen wata zai tafi, za mu kawo wani. Makullai duka ya kawo ofis gobe.” Saura kwana tara wata ya ƙare. Kuma kowa ya san haris da aka kora da sunan sata ba wani gidan zai koma ba, filin jirgi zai nufa.

Na shiga gida ina jin kaina. Zaituna na kicin, 'yarmu Zuhura na aikin makaranta a ƙasa. Na zayyana musu komai, ɗigon ja, tsinken ashana, ƙulli, makullin mota. Na fi daɗewa a kan ƙullin, don a nan ne basirar take. Da na kai ga Abu Nayif sai Zaituna ta juyo.

“Korarsa za a yi?”

“Shi ya jawo wa kansa.”

“Amma ai ka ce ba abin da ya ɓace.”

“Yau sanda, gobe me? Amana ce aka ba shi.”

Ta juya ga tukunya. Abincin ranar gishiri ya yi masa yawa, na yi ƙorafi.

Washegari na dawo bayan la'asar. A ƙofar gida na hangi Buraima zaune a bakin ɗan ɗakinsa, babu tarin makullan nan a ƙugunsa. Ya gaishe ni kamar kullum, “Likita, an dawo lahiya?” Na amsa a daƙile na wuce. Ina buɗe ƙofarmu na ga sandata kwance a kan doguwar kujera. Makullin ma'ajina, wanda ke rataye a ƙusa bayan ƙofar kicin tun ranar da muka tare, yana kan tebur. Zaituna ta tura Zuhura gidan maƙwabta.

Ta ce, “Abban Zuhura, zauna.”

Ban zauna ba. Ta yanke ƙugiyar da almakashi, ta ciro wani noti mai tsatsa daga aljihun rigarta, ta zura zare. Ba ta ɓata ba: murɗi shida, ta kai baki ta jiƙa, ta ja, ta datse wutsiya. Da hagu ta yi. Sannan ta je ta ajiye kwanon silba a ƙofar kicin, ta dawo ƙarshen falo, ta riƙe sandar a hagu, ta danna maɓallin sakin zare, ta ɗan yi lilo da notin ta ƙasa ta sake shi. Ya bi doguwar barandar nan tamu bai taɓa bango ba, ya faɗa cikin kwanon, ƙwal. Ta naɗe da dama. Ta sake. Ƙwal. Na uku ya bugi bakin kwanon ya fita, ta ja ɗan tsaki.

A lokacin na zauna.

“Kai in ka wurga da dama sai ka mayar da sandar hagu kafin ka fara juyawa,” ta ce, ba ta kalle ni ba. “Na gani a bidiyon da abokinka ya ɗauke ka. Ni ba sai na canza hannu ba. Kamar don ni aka yi ta.”

“Tun yaushe?”

“Wata huɗu. Da farko warwarewa kawai nake yi, da allurar saƙa, don na ga kana yanke zare kana jin haushi. Sai in mayar da komai yadda ka bari, in ma sake ɗan dagula shi. Daga baya na gaji da dagulawar.”

“Ba wannan nake tambaya ba. Hannun.”

Sai ta kalle ni. “Tun da aka haife ni mana.”

Shekara tara muna tare. Na san lambar takalminta, na san maganin da jikinta ba ya so, na san in ranta ya ɓaci wanki take yi. Ni da nake gane bahago daga murɗin zare, ban san hannun matata ba. Ta ce kakarta ce ta riƙa ɗaure mata shi da ɗankwali in za a ci abinci, malamin aji ɗaya kuma ya ƙarasa da rula. Ta ce satin da aka kawo ta gidanmu ta ji Hajiyata na zancen wata 'yar maƙwabta, tana cewa ita dai ba za ta iya cin tuwon bahaguwa ba. Tun ranar, in da mutum a kicin da dama take yanka albasa. In ba kowa ta koma hannunta.

“Me ya sa ba ki gaya mini kina son kamun kifi ba?”

“Ba kifin nake so ba, Abban Zuhura. A Gusau aji nake da shi, yara hamsin. A nan iƙamata, takardar izinin zamana, ta zaman gida ce. Kai ka fita ƙarfe shida, Zuhura ta fita shida da rabi, sai ni da bango har azahar. Na samu abu ɗaya da hannuna ke koyo, kuma naka ne, kai kuma ka san yadda kake da kayanka.”

Na sani. Na tambaye ta a ina take wurgawa, don barandar nan ba ta isa a koyi lamba uku ba. Ta ce a rufi, da hantsi, da bokiti. Rufin kuwa a kulle yake, mai gida ya hana kowa hawa. Sau ɗaya ta tarar da ƙofar a buɗe, Buraima na can bayan tankuna yana aiki. Ya ji motsi, ya ga ko wace ce, ya sauka abinsa. Daga ranar, kullum da hantsi in ya duba tanki sai ya bar ƙofar a saye, da azahar ya zo ya kulle. Ba su taɓa yin magana a kai ba, ko sau ɗaya.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ke sa mutum ya ji zafi a bayan wuya. Sannan tsoro ya biyo baya, don na ga inda na sa kaina. In na je na gaya wa Abu Nayif gaskiya, na wanke Buraima daga sata na jefa shi cikin abin da ya fi ta: haris yana buɗe wa matar mai haya rufin da aka hana. Wannan ko kwana taran ba zai cika ba.

Da safe na nemi wani ya riƙe mini aiki na awa biyu, na tafi ofishin. Na ce wa Abu Nayif kuskure ne, ni da kaina na gyara makinar na manta, haris bai taɓa komai ba.

Ya sauke gilashinsa. “Ka ce kana da hujja.”

“Ba ni da ita. Zato ne.”

“Kai a asibiti kake aiki, kana mantawa haka? Allah ya kiyaye mu da hannunka.” Ya ce shi ba wasa yake ba, ya riga ya yi wa kamfani magana a kawo sabo. Na roƙe shi. Ban saba roƙo ba, kuma da Larabcina na ɗakin tiyata roƙon bai yi kyau ba. Daga ƙarshe ya ce in koma zauren da na yi ɓarnar in gyara da bakina, in masu haya sun yi shiru shi ba shi da mushkila.

A cikin mota na rubuta. Na ce ƙazafi na yi wa Buraima, ba ni da hujja, fushi ne da zato, duk wanda ya zarge shi saboda maganata ya sauke zargin a kaina. Injiniyan gas ya turo hoton fuska mai dariya. Saura suka yi tsit, irin shirun da ka san ana maganarka a wani wurin. Da yamma aka mayar wa Buraima makullansa.

Na same shi a ɗakinsa, ɗaki ne da katifa ta cinye rabinsa. Jakarsa na ɗaure a gefe. Na ba shi haƙuri, na ce na san komai, na gode da abin da ya rufa. Ina jiran ya ce ba komai, kamar yadda muke cewa.

Ya ce, “Aiki kun maido mini, Likita, na gode. Sunan hwa?”

Ashe direban injiniyan nan, shi ma ɗan Maradi ne, ya ji zancen a mota tun daren farko ya kai Gubaira, inda mutanensu ke zama ran Juma'a. Daga Gubaira waya ta kai shi Madarunfa kafin gari ya waye. Matarsa Biba ta kira shi tana kuka, an tare ta a bakin rijiya ana yi mata jaje. Ɗiyansa mata biyu sun ƙi fita.

“Su ba su cikin zaurenku,” ya ce. “Ba su karanta Turanci.”

Ran Juma'a ban je rafi ba. Kafin in fita Zaituna ta tsayar da ni a ƙofa ta ce, “In sun tambaye ka wane ne, ka faɗa. Har da hannun. Na gaji.”

Bayan la'asar na ɗauki Buraima muka tafi Gubaira. Wurin zamansu gaban wani shagon kafinta ne da ke rufe ran Juma'a, an shimfiɗa tabarmi da kwalaye, ana dafa shayi a kan ɗan murhu. Sun kai talatin, direbobi, leburori, masu gadi. Da suka ga wanda ke tare da shi hira ta mutu. Aka amsa sallamata, ba a matsa mini wuri ba. Babbansu wani dattijo ne mai furfura a gemu, Baba Dalhatu. Buraima ya durƙusa ya gaya masa abin da ya kawo ni, ya ce in yi magana.

Na tsaya a tsaye da takalmina mai sheƙi, na faɗi abin da na rubuta a zaure, wannan karon da Hausa, kuma da Hausa ya fi ɗaci. Na ce Buraima bai taɓa mini ko allura ba.

Baba Dalhatu ya ce, “Mun ji. To amma an taɓa kayan ko ba a taɓa ba?”

“An taɓa.”

“Wa? Don in ba ka hwaɗi ba, gobe za a ce tausai ka ji ka ruhe mashi asiri.”

Na ce, “Iyalina ce. Bahaguwa ce, ban sani ba. Ita ke ɗauka tana koyo, kuma ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Malam Buraima ya sani, ya gwammace a kore shi da ya ambaci matar wani.”

Wani daga baya ya fara dariya, dattijon ya juya ya kalle shi, ya haɗiye ta. Sai Buraima ya yi magana, kansa a ƙasa.

“Likita, akwai saura. Wata huɗu ina barin ƙohwa buɗe. Ban taɓa tsayawa ba, ban taɓa ɗaga kai na dube ta ba, ban taɓa ce mata ko sannu ba a can bisa. Shi ma ina so ka hwaɗa da bakinka, don kai ne mijinta.”

Na ce haka ne, ita ma haka ta gaya mini, kuma na yarda da su duka biyun.

Baba Dalhatu ya gyaɗa kai. Na ɗauka an gama, har na fara neman inda zan raɓa in zauna. Sai ya miƙa hannu, Buraima ya ba shi wayarsa, wata tsohuwa mai fasasshen gilashi. Dattijon ya lalubo suna, ya miƙo mini.

“Mu mun ji. Saura Biba. Danna nan ka riƙe, ka sake hwaɗi tun daga hwarko, yadda za ta kunna ma mata a bakin rijiya. Ka hwara da sunanka da na ubanka da garinku.”

Na karɓi wayar da hannu biyu. Mutum talatin suna kallona, shayi na tafasa ba wanda ya sauke shi. Na danna, na yi sallama ga matar da ban taɓa gani ba, na ce sunana Kamilu ɗan Alhaji Mu'azzam na Gusau, ni ne mutumin da ya yi wa mijinki ƙarya.